Rigar Bebiya

Ulan Bator, farkon sanyi

Yaya Yanjin,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Yaya Sodnom. Kun sauka a masaukin sanyi lafiya? Dabbobi sun shiga da ƙibarsu? Gwiwar nan taki ta sake ki? Ni ƙalau nake, in ban da tarin da duk garin nan ke yi da zarar an fara hura gawayi.

Jamsran direba ya kawo min busasshen cukun da kika aiko, na gode. Ya kuma kawo saƙon bakin mijinki, ya tsaya a tsakiyar garejinmu ya sauke shi a gaban kowa, har da kwaikwayon muryarsa. Wai, "Ka ce wa malamin takarda motar da ya zaɓa min bebiya ce. Na danna mata maɓalli, ko uffan. Ni ban yarda da abin da ba ya amsa gaisuwa ba." Har yau in na shigo aiki sai wani ya ce, malamin takarda, ya Bebiyarka ta kwana? To na ji. Ki zaunar da shi, ki zuba masa shayi, ki karanta masa wannan da ƙarfi, tunda shi sai abu ya yi ihu yake ɗaukarsa da gaske.

Motar nan ciki biyu gare ta. Ɗaya yana cin fetur, ɗaya kuma babban batir ne da ke kwance a bayan kujerar baya. In ya danna maɓalli ya ga koren rubutu ya fito a gabansa, ta tashi ke nan, ko ya ji ƙara ko bai ji ba. Tsohuwar motarsa ta Rasha da yake ta kewa, ai ihunta da shan fetur ɗinta ne suka sa kuka rabu da ita, ko ya manta?

Kada ya kuskura ya hura mata wutar kashin shanu a ƙarƙashi da safe kamar yadda ya saba. Na san shi, na kuma san baƙin kwanon da yake ɗibar garwashi da shi. Wannan cikinta roba ce da wayoyi, gasa ta zai yi. Akwai 'yar ƙofar iska a gefen kujerar baya, ta nan batir ke numfashi, kada ku jibga mata fatu ko buhun gari. Tayoyin na sanyi ne masu ƙusoshi, da hannuna na zaɓe su, kada wani ɗan iska ya rarrashe shi ya musanya. A kan ƙanƙara ya fara taka birki tun daga nesa. Za ta ɗan ƙara cin mai a sanyi don injin na yawan tashi ya ɗumama kansa, ba lalacewa ba ce, kada ya aiko min da wani ba'an.

Sai babban abin, wanda zai sa ya haɗiye maganarsa. A nan birni, waɗanda ba su da gareji mai ɗumi, in sanyi ya kai na fasa ƙarfe ba sa kashe ta. A kunne suke barinta. Sai ta yi barcinta, in sanyi ya fara shigarta injin ya farka da kansa, ya ɗumama ta, ya koma ya kwanta. 'Yan tasi a ciki suke kwana a layin tashar jirgi, da hita, ko babbar riga ba sa rufa. Ɗaki ce mai tafiya, mai hura wa kanta wuta. Ya nuna min dokin da ya iya wannan!

Na san abin da dangi ke faɗa, wai yaron da ya gudu daga makaranta shi ne yau mai ba da shawara. Ku kaɗai kuka saurare ni, shi ya sa na matsa ku sayi wannan. Littafinta na karanta daga bango zuwa bango da ƙamus a cinyata, babu wanda ya koya min. Kakata da mahaifiyarki ciki ɗaya suka fito, kuma a ger ɗinku, ɗakin nan naku na bargon ulu, na zauna lokacin da babu mai son ganina. Ba zan ba ku abin da zai kunyata ni ba.

Ƙaninki,
Orgil

Kwarin Shar, bayan babbar ƙanƙara

Ƙanena Orgil,

Muna lafiya, gwiwa tana nan tana yi min gulmar sanyi kafin ya zo. Kai fa, kana cin abinci mai ruwa kuwa, ko burodi da faɗa kawai? Na karanta wa yayanka wasiƙarka kamar yadda ka ce. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Yaron nan ko gaisuwa ya yi sai ka ji kamar ka kare fuskarka."

Sanyin bana ba na wasa ba ne. Dusar ƙanƙara ta sauko da laima, kafin ta bushe sanyi ya kama ta, ta daskare a kan ciyawa kamar murfin tukunya. Tumaki na tono har ƙafafunsu na jini. Don haka Sodnom ya kora tumaki da awaki kiwon nesa, can bayan dutse inda iska ke share ƙasa. Ni ina gida da shanu.

Zancen Bebiya kuwa, ka ci gardama, kada ka gaya masa na faɗa. Ya kamu da sonta. A hanyar da aka taka tana tafiya sumul, a kan kogin da ya daskare ma ta riƙe ƙasa, ga ɗumi. Sai dai cikinta kusa da ƙasa yake, in dusa ta yi zurfi sai ta zauna a kai kamar kaza. In taya ta zame kuma, ko ya taka totur har ƙasa ba ta ƙara ƙarfi, sai ta yi kamar tana tunani. Shi ya ce, "In ta ga ba za ta iya ba sai ta tsaya. Ta fi wani ɗan birni da na sani hankali." A mashigin dutse raƙuminmu ne ya ja ta, ita shiru, shi yana ta ƙorafi.

Na ce ya ɗauki ƙaramin tanti da murhu kamar kullum, ya ƙi. Wai me zai yi da tanti, alhali malamin takarda ya ba shi ɗaki mai hura wa kansa wuta? A ciki zai riƙa kwana har ciyawar can ta ƙare.

Ni kuma sai ta ba ni tausayi. Abu ba gashi, ba kitse, a kai shi bayan dutse? Ko ɗan maraƙi mukan ɗaura masa bargo. Sai na fito da tsohon bargon ulun da muka cire daga jikin ger bara, na ɗinka mata riga. Ka zo ka gani, Orgil! Daga hanci har wutsiya, har ƙasa tana jan ƙasa, na bar ƙofa ɗaya mai maɗauri a gefen direba. Yatsuna duk sun huje. Sodnom ya ce in ya isa zai toshe gindin rigar da dusar ƙanƙara ya daddanne, yadda muke yi wa gindin ger, ko numfashin iska ba zai shiga ta ƙasa ba. 'Yar ƙofar nan ta cikin mota da ka ce, ba mu rufe ba, ka ga muna jin magana.

Matar Lubsan maƙwabcinmu har ta ce in ara mata awon. Yayanka ya ce in ka zo bikin Farin Wata na sabuwar shekara shi zai tuƙa ka, ka zauna a baya kamar babban mutum.

Yayarka,
Yanjin

Ulan Bator

Yaya,

Gaisuwa ta jira. Duk wanda ya fara ɗaukar wannan takarda a shagon Dulam ya buɗe ya karanta, ya hau doki.

A cire wa motar rigar nan. In ba za a cire ba a yanke bayanta duka. Kada Yaya Sodnom ya sake kwana a ciki.

A ƙasan bayan mota akwai bututun salansa, ta nan hayaƙin injin ke fita. In riga ta rufe shi, aka kuma toshe gindinta da dusa, hayaƙin ba shi da wurin zuwa sai ciki. Ba irin hayaƙin murhu ba ne mai sa tari da hawaye ya tashe ka. Wannan ba ya ciwo, barci yake sawa. Kuma ita shiru take, zai kwanta yana jin ba ƙara ya ɗauka ba komai, sai ya yi nisa a barci injin ya farka da kansa. Abin da na yi ta yabo a wasiƙata, shi ne zai kashe shi.

In an same shi yana ciwon kai, ko jiri, ko amai, a fitar da shi iska, kada a ce gajiya ce.

Na tsaya a kan Jamsran har ya yarda zai tashi yau ko motarsa ba ta cika ba. Yaya, ki tafi da kanki, kada ki aika yaro, kada ki jira iska ta faɗi. Don girman kakata ki tafi.

Orgil

Ulan Bator, tsakiyar sanyi

Yaya Yanjin,

Ina gaishe ki, ban san ko gaisuwar za ta same ki yadda nake fata ba. Ni ina nan, ina ci ina sha kamar mutumin da bai yi komai ba.

Jamsran ya dawo da wasiƙata a aljihunsa. An rufe babbar hanya daga can gaba, motoci sun yi layi, ya kwana biyu ya juyo. Na kama kwalarsa. Ya ce, "Sake ni, ɗan nema, ni na zubo ƙanƙarar?" Gaskiyarsa. Na kira wayarki har yatsana ya gaji, ko da yake na san sai kin hau saman tudu take kamawa, kuma wa zai hau tudu a wannan iska? Na kira Dulam a shago, na yi mata ihu, ta ce, "Kai yaro, rage murya, kunnena ɗaya ne mai aiki." Na sa ta rubuta saƙon a jikin kwali ta rataye a ƙofa. Ta ce tun da wasiƙarki ta fito babu wanda ya sake fitowa daga kwarinku, babu kuma mai dokin da zai yarda ya shiga.

Sai na ɗauki motar maigidana, irin taku ce sak, ban tambaye shi ba. Na ce ni da na san ta ciki da bai zan wuce inda manyan motoci suka tsaya. A kwalta ta yi min duk abin da nake so. Da na sauka daga kwalta don in zaga layin, ban yi nisa ba cikinta ya hau kan dusa, tayoyi suka rataye. Ina taka totur tana tunani, kamar yadda kika ce. Na fito na haƙa da hannu, na zage ta, na zagi uwar wanda ya ƙera ta, na harbi taya har yatsana ya fashe. Wani mai babbar mota ne ya fizgo ni, ya ce, "Ƙanena, wannan ta gari ce, ina za ka kai ta?" Ni da na rantse muku ta fi doki.

Na fara da jin haushinki. Na ce wace irin mace ce za ta ɗinka wa ƙarfe riga? Na ji haushinsa, na ce tsohon banza mai taurin kai, ya bar tantinsa don ya yi min ba'a. Haushin bai kai ko'ina ba, ya dawo gida.

Yaya, ba rashin sani ba ne. Zancen salansa ko mai wankin mota ya san shi. Yana cikin littafin, har da hoto. Abin da na manta shi ne ku. Ni da na tashi a ger ɗinku, ni da Yaya Sodnom ke tura wa shebur ya ce in toshe gindin ɗaki da dusa in daddanne da ƙafa, in ya ji iska a idon sawunsa ya ja min kunne. Na san ba ku taɓa barin abu mai ɗumi tsirara a waje ba. Da na tsaya na yi tunaninku ko na ɗan lokaci, da na ga rigar nan tun kafin ki zare allura. Amma ba ku nake tunani ba. 'Yan gareji nake tunani, da dariyarsu. Wasiƙar nan don in ci gardama na rubuta ta, na cika ta da abin da zai rufe masa baki, na bar layin da zai tsare masa rai.

Shi ne mutumin da ya ɗora ni a kan doki, na faɗo, ya ce in na yi kuka dokin zai raina ni. Shi ya kawo min tsohuwar jarida daga gari, ya ce tunda bakina ba ya gajiya in ba idona aiki. Bai iya karatu sosai ba, amma ya zauna yana jin ina yi masa inda-inda.

Zan ba Jamsran wannan tare da wadda ya dawo min da ita, ranar da aka buɗe hanya. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce.

Orgil

Kwarin Shar

Orgil,

Saƙon kwali ya iso. Na je bayan dutse, na dawo. Ka aiko da ashana, da kyandir, da turaren ƙonawa, da shayin bulo, da yawa, wanda zai isa a raba wa kwarin nan duka. Lubsan na jira a kan doki. Sauran magana sai na iya.

Yanjin

Ulan Bator

Yaya,

Ga kayan nan, Jamsran zai sauke a shago. Na san inda ake raba ashana da kyandir da turare, na karɓa a hannun mutane ranar da aka kai kakata. Ba sai kin rubuta kalmar ba.

Na tambayi Dulam, ta ce Lubsan ya ajiye takardar ya juya, fuskarsa a naɗe, ko shayi bai sha ba.

Ban san me ake faɗa ba. Kullum bakina cike yake, yau na buɗe babu komai. Mai sayar da turaren ya tambaye ni na waye, na ce na yayana, ya ce ciwo ya yi? Na ce a'a, wasiƙa aka rubuta masa.

Ba zan zo ba. Ba don tsoron dangi ba, su faɗi abin da suke so, wannan karon sun yi daidai. Ba zan iya shiga ger ɗin nan in zauna a gefen da yake zama ki miƙo min shayi da hannu biyu ba. Ni na kashe shi, Yaya. Ki faɗa wa duk wanda ya tambaya, kada ki bari a ce rigarki ce. Ke tausayi kika ji. Ni kuwa so nake a ce na iya.

Ki sayar da motar, ko ki bar ta can ta ruɓe. In kina buƙatar mai kula da shanu har bazara zan nemo miki mutumin kirki, wanda ba ya karatu.

Orgil

Kwarin Shar, gab da Farin Wata

Ƙanena,

Yayanka na da rai. Ga shi nan a gefena, ƙafarsa a cikin kwano, yana cewa shayina ya yi gishiri. Ka zauna, ka sha ruwa, sannan ka ci gaba.

Lubsan ne ya keta dusa zuwa gari don fulawarsu ta ƙare, ya ga kwalin a ƙofar Dulam, ya ciro shi ya kawo min. Ban gama karantawa ba na ɗaura wa raƙumi sirdi. Ba zan ba ka labarin hanyar ba. Abu ɗaya nake gani a gabana, allurata tana shiga tana fita.

Da hantsi muka hau tudun ƙarshe. Ga ta can ƙasa cikin rigarta, gindin a toshe tsaf, an daddanne, irin aikinsa mai kyau. Hayaƙi siriri na fita ta bakin ɗinki. Babu motsi. Ban san yadda na sauka ba. Maɗaurin ya daskare, na ciza na tsinke shi, na buɗe ƙofa. Ɗumi ya bugi fuskata. A kan kujeru, gaba da baya, har ƙasa, 'yan awakin bara ne kwance, sun jingina da juna, jikinsu da ɗumi. Na girgiza ɗaya, kansa ya faɗi.

Sai na ji murya a bayana. "Ke, wa ya ce ki yaga mata riga?" Shi ne, gemunsa duk ƙanƙara, riƙe da tukunyar kunun da ya dama musu. Bai sani ba tukuna.

Ga yadda aka yi. Tun zuwansa iska ke ɗage bayan rigar, ta hana shi toshewa. Ya yi ta kwana a ciki yana tashi da ciwon kai, ya ce tsufa ne. Ranar da iska ta faɗi ya samu ya toshe ta yadda yake so, ya ce yau zai yi barcin sarakuna. Da ya je duba garke sai ya tarar da ƙananan nan suna rawar sanyi, ba za su kai safe ba. Ya kwaso su yana sakawa, yana sakawa, har babu inda zai sa ƙafa. Sai ya ja babbar rigarsa ta fata ya shiga tsakiyar tumaki kamar yadda ubansa ke yi.

Na miƙa masa kwalinka. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ajiye tukunya, ya fito da su ɗaya-ɗaya ya jera a kan dusa. Ya tsaya a kansu. Sannan ya ce, "A shimfiɗata suka kwanta." Shi ya ce sai an yi musu abin da ake yi wa mutum, lama, malamin addini, ya yi karatu, a raba ashana da turare. Wasu sun yi dariya. Ya ce wanda bai so ba ya bar ashanar.

Yatsun ƙafarsa biyu sun yi baƙi daga wannan kwanan, likita zai gani in hanya ta yi kyau. Garke ya ragu, amma muna da na farawa.

Yanzu ni. Takardar nan gajeriya da na aiko, na san abin da za ka zata. Akwai wuri a ƙasanta, kalma biyu sun isa. Na riƙe biro, na tuna hanyar nan, na ce bari shi ma ya ɗanɗana. Na ninke na ba Lubsan. Da amsarka ta zo na karanta a bayan garken shanu, ban iya shiga ɗaki ba sai da fuskata ta bushe. Abin da na yi maka mugunta ce, kuma ni da sanina na yi, kai kuwa mantuwa ka yi. Ka yafe wa yayarka.

Sannan ka daina cewa kai kaɗai ne. Kai ka rubuta, ni na ɗinka, shi ya toshe. Kwashe laifi duka ka rungume, shi ma wani girman kan ne, ka bar mana namu.

Bebiya na can bayan dutse, dusa ta kai mata ƙofa, sai an haƙa. Yayanka ya ce ba zai sayar ba. Kafin mu taho ya zare wuƙa ya yanke bayan rigar, shi ne abin da za ka gani a ƙunshin nan. Ga saƙonsa, na rubuta yadda ya faɗa don kada Jamsran ya ƙara gishiri: "Ki ce wa malamin takarda motarsa ba ta yi ƙarya ba, ɗumi ta yi alkawari, ɗumi ta bayar. Ya shimfiɗa wannan in zai shiga ƙarƙashin mota, ƙasan gareji na cin ƙoda. Kuma ya zo da shebur, ba da littafi ba."

Na fara naɗa nama a ƙullu don biki, na sa rabonka a ciki. Kada ka sa in ba kare.

Yayarka,
Yanjin

Ulan Bator

Yaya Yanjin, Yaya Sodnom,

Ina gaishe ku. Ya ƙafa? Kada ya bari a shafa mata wani abu kafin likita ya gani, na san shi. To, na yi shiru, ba zan sake ba da shawara ba sai an tambaye ni.

Yaya, babu abin yafewa. Kwanakin nan da kika ba ni, nawa ne, na ci su.

Zan biyo Jamsran. Na sayi shebur. Maigida ya yarda, ko da yake har yanzu ba ya min magana, saboda motarsa, da kuma wani mutum da ya shigo jiya da mayafin mota har ƙasa, na yanke masa bayansa kafin in gaishe shi. Mutumin ya ce mahaukaci ne ni. Na ce ya zauna in ba shi labari, ya ƙi.

Bargon yana wurina. Yau a kansa na wuni, a ƙarƙashin wata irin taku. Ɗinkinki yana jiki, da inda wuƙarsa ta bi. Wani a gareji ya ce in wanke, wai warin awaki yake yi.

Ban wanke ba.

Ƙaninku,
Orgil